Kafin Ki Kunna Kwamfutar Nan

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina fata kin sauka Bauci lafiya. Allah Ya sa direban bai yi gudun da na roƙe shi kada ya yi ba, Allah Ya sa kin tarar da ɗaki mai tsabta da abokan zama na kirki, Ya tsare ki daga duk abin ƙi. Ba zan ba ki labarin gida ba, da safen nan kika bar shi, kin san yadda yake.

Da gangan na ɗora takardar nan a kan madannan kwamfutar na rufe, don ki gan ta kafin hannunki ya kai ga makunni. In akwai mutane a ɗakin, ki bari su fita tukuna, sannan ki zauna ki karanta.

Foldar da Mamanki ta bar miki ba ta ciki. Ba wani wuri aka mayar da ita ba da za ki ce bari in lalubo. An goge ta, kuma ni ne sanadi.

Kin san yadda aka yi ta. A watanninta na ƙarshe, shekara huɗu ke nan, bayan la'asar takan ce in kawo mata kwamfutar ɗaki. In ajiye a kan kujera kusa da gadon, in danna wurin ɗaukar murya, in fita in ja ƙofa. Sau goma sha ɗaya muka yi haka. Ita ta ce a sa wa foldar suna Na Ummi, ta kuma sa na yi alkawari ba wanda zai ji sai ke, ranar da kika bar gida. Na ce mata, har da ni? Ta ce, "Musamman kai, Malam." Na cika wannan alkawari, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Shi ya sa yau ba ni da ko jimla guda da zan ce miki ga abin da ta faɗa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a sakandare. In ɗaliba ta faɗi jarrabawa, nakan zaunar da ita mu bi takardarta layi bayan layi har mu ga inda ta kauce. Yau tawa takardar zan bi a gabanki. Ba don ki tausaya mini ba ne, don kada ki maimaita ne.

Kuskuren ya girmi watan nan. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta muryar nan take wuri ɗaya tak, a cikin na'urar da na saya tun kina firamare don buga tambayoyin jarrabawa. Batirinta ya kusa mutuwa, fankarta tana ƙara, kusurwarta ɗaya a fashe, amma a ciki na bar abin da ya fi komai na gidan daraja. Kin tuna lokacin da kike ajin ƙarshe kin zo mini da filash, kika ce in bari ki kwafe foldar ba tare da kin buɗe ba? Na ce kada ki kuskura ki taɓa. Antinki Rabi ma ta yi mini maganar sau biyu, na ce mata amanar a hannuna aka bari, ba a hannunta ba. A ganina a lokacin, riƙon amana shi ne ka rufe abu ka hana kowa zuwa kusa da shi. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: tsoro nake ji. Ina ganin in na kai 'yar kibiyar allo kan foldar nan hannuna zai danna, in ji muryarta, in kasa tsayawa. Sai na mayar da tsorona doka na ɗora muku.

Ummi, abin da yake wuri ɗaya ba a ajiye yake ba, jiran ranarsa kawai yake yi. Duk zanen da za ki yi a makarantar nan, duk takardar da kika wahala a kanta, ki sa ta wuri uku: a kwamfutar, a filash, da wani wuri da ba ya cikin ɗakinki. Ki yi haka ranar da kika gama aikin, kada ki ce sai Juma'a. In kuma wani ya miƙo hannu zai taya ki tsaron abin da aka ba ki, ki dubi hannun da kyau kafin ki ture shi. Sau da yawa abin da muke kira kishin amana son a ce mu kaɗai ne.

Da takardar samun gurbinki ta fito, kika ce karatun zanen gine-gine yana son kwamfuta mai ƙarfi. Kina dariya kika ce wannan tamu in an kunna ta, mutum zai yi alwala ya yi salla ya shafa addu'a kafin ta farka. Sannan kika ce kada in damu, za ki riƙa aron ta ƙawaye. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Sabuwa ta fi ƙarfina, kin sani. Sai na ƙudura zan gyara tsohuwar a ɓoye, a makon da kika tafi Hanwa wurin Antinki yin sallama, ki dawo ki tarar da abin mamaki.

Na zauna da waya na yi karatu kamar mai shirin shiga aji. Na gane abu biyu ake canza wa tsohuwar na'ura. Akwai ram, shi kamar teburin tela ne: in ya yi ƙanƙanta, sai ya naɗe wannan yadin kafin ya shimfiɗa wancan, aiki ya yi ta jan jiki. Akwai kuma rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-diski, shi ne kabad ɗin da telan ke zuba kayan mutane. Ram ba ya riƙe komai in an kashe wuta, rumbu ne mai riƙewa. Kin ga na iya bayanin. Da za a ba ni allo da alli da na koyar da shi har a tafa mini. Wannan iya bayanin ne ya ruɗe ni na ɗauka na iya aikin.

Na tafi kasuwa ba tare da na'urar ba, ban ko rubuta lambar samfurinta ba. Mai shagon, wani Ibo da Hausa ta zauna a bakinsa, ya ce in koma in kawo ta ya gani, don ram iri-iri ne, na wannan ba ya shiga waccan. Na ce masa na laftof nake so, kuma na san abin da nake yi. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ba ni. Bayan azahar na shimfiɗa jarida a kan teburin cin abinci, na kwance murfin bayan da ɗan sukundireban tabarau. A bakin ram akwai wata 'yar tsaga da ya kamata ta dace da wani ɗan tudu a cikin ramin. Ba su dace ba. Bambancin bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. Na juya shi, bai shiga ba. Na sake juyawa. Daga nan na yi abin da na hana ɗalibai yi shekara da shekaru, na sa ƙarfi. Sai na ji ƙas. Ɗan maƙalin ƙarfen da ke riƙe shi ya karye. A lokacin ne kuma na lura cajar tana jone da bango. Da na kunna, allon ya yi baƙi, na'urar tana ta ƙara kamar motar da ke ja da baya.

In wata rana za ki buɗe na'ura, ki kashe ta, ki zare caja, ki cire batir, ki taɓa ƙarfen taga don wutar jikinki ta sauka. Ki ɗauki tsohon abin ki je da shi wurin saye, a gwada a gabanki. Abin da aka yi don wurin, da ɗan turi kaɗan yake shiga, ki ji ya zauna. In kin ga sai kin ciji leɓe, to ba nasa ba ne, ki janye hannunki. Ina kuma so ki lura da wani abu. A gidan nan akwai wadda ta fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ke ce. Kira ɗaya zan yi miki. Ban yi ba, saboda na fi son in ga fuskarki ranar da za ki yi mamaki fiye da in ji shawararki.

Dole ta sa washegari na naɗe ta a zanen gado na hau keke zuwa Kwangila, shagon Nura. Ba ki san shi ba. Ɗalibina ne na da, yanzu magidanci ne da 'ya'ya uku, gyaran kwamfuta yake yi kuma ana yabonsa. Na iske mutum biyar ko shida a kan benci suna jira. Yana ganina ya tashi ya zagayo ya durƙusa har ƙasa.

"Malam, da kanka? Ai da aike ka yi, ni zan zo."

Ya sa aka matsa mini, ya aika a kawo lemo. Sannan ya juya ga mutanen ya fara ba su tarihina. Ya ce wannan ne malamin da ya koya musu tsari, wanda littafin makinsa ko gogewa ɗaya babu, wanda in ka zo aji ba ka kwafe aikin jiya ba gara ka koma gida. Wani dattijo a kan bencin ya ce irinmu sun ƙare. Na ji daɗi, Ummi. Ba zan ɓoye miki ba, na gyara zama.

Da ya buɗe na'urar ya ga maƙalin a karye, sai ya ce ƙila yara ne suka yi wasa da ita. Ya san ba yara ba ne. Ƙofa ya buɗe mini, ni kuma na bi ta ciki, na ce ai ka san yara. Ya ce ba komai, akwai rami na biyu kuma lafiyarsa lau, zai sa ram mai girma a nan. Ya ce tsohon rumbun ma ya gaji, shi ne rabin nawar, zai sa sabon samfuri wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa. Na ce ya yi duk abin da ya dace. Yana riƙe da sukundireba, bai ma ɗago kai sosai ba, ya ce:

"Malam, abubuwan da ke ciki, akwai kwafinsu a wani wuri ko?"

Na ji tambayar sarai, na kuma gane ta. Mutum shida suna kallona, lemo yana hannuna, ba a fi minti biyar ba da aka gama cewa ni ne uban tsari. Na ce, "Akwai."

Na faɗa wa kaina cewa tambayar al'ada ce kawai, irin wadda ake yi don a fita hakki. A tunanina, in an canza rumbu juye kayan ake yi daga tsoho zuwa sabo, kamar yadda ake juye masara daga buhun da ya yage. Haka ne, ana iya yi, Nura ma ya iya. Amma sai an ce masa a yi. Wanda ya ce yana da kwafi, sabon rumbu fari tas ake sa masa, a ɗora manhaja sabuwa, don na'urar ta fi sauri. Abin da ya yi mini ke nan, kuma don ya kyautata mini ya yi.

Ki ji wannan da kyau. Kalmar "ban yi ba" da kalmar "ban sani ba" nauyinsu na minti ɗaya ne. Mutanen bencin nan da sun yi murmushi, ƙila dattijon ya ce ashe malam ma yana mantuwa, shi ke nan, kafin la'asar sun manta da ni. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda su na sayar da muryar uwarki. Za ki shiga aji da malamai da 'yan'uwa ɗalibai, za a tambaye ki ko kin gane, ko kin auna, ko kin duba. Ginin da za ki zana mutane ne za su kwana a ciki. In ba ki duba ba, ki ce ban duba ba, ko da ajin duka zai juyo ya kalle ki.

Duk da haka a wannan lokacin ba a rasa komai ba tukuna. Da na dawo da yamma, ya kunna ta a gabana, kafin in gyara tabarau ta buɗe. Na yi ta sa masa albarka. Na biya kuɗin kayan, amma ladan aikinsa ya rantse ba zai karɓa ba, wai ina shi ina karɓar kuɗin malaminsa. Na matsa, ya ƙi. Sai ya miƙo mini tsohon rumbun a cikin 'yar leda, ya ce ga tsohon nan, a adana. Ummi, a hannuna yake. Na ji nauyinsa, bai fi na ƙaramin sabulu ba. Kin san halinmu, babba ba ya fita daga wurin na ƙasa da shi da alherin yaro a kansa bai mayar da komai ba. Na duba ba ni da abin da zan ba shi, sai wannan abin da nake ganin buhu ne da aka riga aka juye. Na mayar masa na ce ya riƙe, ƙila ya yi masa amfani. Ya ce a'a. Na ce, "Ni ne fa na ba ka." Ya karɓa da hannu biyu.

Kada ki taɓa rabuwa da tsohon rumbu, ko tsohuwar waya, ko tsohon filash, sai kin buɗe sabon kin ga kayanki da idonki, kin kunna kin ji da kunnenki. Bayan haka ma ki jefa shi a akwati ya shekara. Ba ya cin abinci, ba ya tsare wuri. Ki kuma koyi karɓar alheri ki ce na gode ki tafi. Ba kowane alheri ake ramawa nan take ba. Ni ban iya ba, kullum sai na nuna hannuna ne a sama.

Kin dawo daga Hanwa kin ga na'urar, kin yi tsalle kin ce Baba ya zama injiniya. Kwana tara ina jin daɗin wannan suna. Sai ranar Litinin da ta wuce, kina wurin tela, na ce bari in jawo foldar in sa miki ita a fuskar allo inda za ki gan ta da kin buɗe. Na duba inda take zama, babu. Na rubuta sunanta a wurin nema, na'urar ta amsa nan take, da saurin nan da na saya mata, cewa ba ta sami komai ba. Tambayoyin jarrabawa na shekara goma sha, hotunan sallar da muka yi a Kaduna, duk babu. Ban damu da su ba. Ko hula ban sa ba na fita na tari acaɓa.

Nura ya ce rumbun ya yi kwana biyu a aljihun teburinsa. Ran na uku wani mai ɗaukar bidiyon biki ya zo neman wurin zuba aiki da gaggawa, sai ya goge shi ya sa masa a ɗan kwalin da ake jonawa ta waje. Muka bi mutumin har gidansa. Ya fito da shi ba musu. Ya cika shi taf da bikin mutane uku. Nura ya rufe shago ya kwana biyu yana bin rumbun da manhajar tono abin da aka goge. Ya bayyana mini cewa gogewa kaɗai ba ta kashe abu, sunan kawai take cirewa, amma in aka zuba sabo a kai, to an taka wurin. Abin da ya tono shi ne rabin hoton wata ƙofa, da shafi biyu na tambayoyin aji uku. Murya ko ta daƙiƙa ɗaya babu. A inda uwarki ta yi miki magana, yanzu wasu mata ne da ban sani ba suke rawa suna liƙi.

In kin taɓa goge abu bisa kuskure, ki tsaya cak. Kada ki sa komai a kai, kada ma ki ci gaba da aiki da na'urar, ki kai wa wanda ya sani a ranar. Da na duba a daren farko, ko washegari, da yanzu ba wannan takardar kike karantawa ba. Kwana tara na yi ban duba ba, don ina tsoron foldar, ina kuma jin daɗin yabo.

Akwai abin da na yi a shagon wanda ya fi karya maƙali muni. Da ya ce mini ya goge, na ɗaga murya a gaban mutane. Na ce masa sakarai, na ce tun yana aji haka yake, ba ya tabbatar da abu. Mutum mai iyali, a wurin sana'arsa. Ya sunkuyar da kai yana ta ba ni haƙuri, bai ce mini ai na tambaye ka ba, ko sau ɗaya. Sai da muka dawo daga gidan mai bidiyon, muna tsaye bakin titi, ya ce a hankali:

"Malam, wallahi da na ga rumbun a cike raina bai kwanta ba. Na so in sake tambaya. To amma kai ne."

To amma ni ne. Ni na koya masa haka. A ajina in na faɗi abu sau ɗaya ya zauna, wanda ya ce Malam ka tabbata, ya san abin da zai biyo baya. Ina alfahari da cewa ajina ko tari ba a yi. Shekara talatin da ɗaya ina yaye yaran da ba za su iya tambayata sau biyu ba, sai ga shi ranar da nake bukatar mutum ɗaya ya ce mini Malam nuna mini kwafin in gani, babu shi, don ni na hana shi tsirowa. Na koma na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na tarar, amma ba su ne mutanen ranar ba. Ki nemi ƙawaye da abokan aiki masu iya ce miki kin tabbata, kuma in sun faɗa kada ki ɓata rai. Ran da kika zama babba a wurin aiki, ki lura da yadda na ƙasa da ke suke yi in kin yi kuskure. In kin ga sun yi shiru suna kallon ƙasa, ki ji tsoro.

Kuskure na ƙarshe kuwa kin gan shi da idonki, ba ki dai san sunansa ba. Kwana uku kina haɗa kaya ina zaune a tsakar gida da jarida. Kin tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce mura ce. Shekaranjiya kina naɗe cajar kika ce, "Baba, ba zan buɗe foldar Mama a mota ba. Sai na isa na yi wanka na natsu." Na ce hakan ya yi. Sau uku na zo ƙofar ɗakinki na koma. Na ce wa kaina kada in ɓata miki tafiya, amma gaskiyar ita ce ba zan iya kallon fuskarki ba. Ya kamata a ce ina kusa lokacin da za ki ji, ki yi kukan a gida, ki faɗa mini duk abin da ya zo bakinki. Maimakon haka na bar ki da takarda a garin da ba ki san kowa ba. A kan wannan ba ni da wata nasiha. Ki dai ga yadda yake, ki ƙi shi.

Jiya da hantsi na je Hanwa na faɗa wa Antinki. Kin san bakinta da ni, ba ta taɓa raga mini ba tun tana yarinya ana aiko ta da abinci gidanmu. Wannan karon sai ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito, da wata tsohuwar waya ta fito, mai fasasshen gilashi, wadda ta ƙi yarwa. Muka jona ta da caja muka jira. A ciki akwai saƙon murya ɗaya da Mamanki ta tura mata, tun kafin ciwon, wata rana da muka tafi ɗaurin aure Kaduna. Bai kai minti ɗaya ba. Ana jin ƙarar mota. Ga abin da ta ce:

"Rabi, ku ci abincinku kada ku jira mu. Mun ɓata tun daga shataletale, sau uku muna wuce gidan mai ɗaya. Kin san Malam, ba zai tsaya ya tambaya ba. Ummi, sauke ƙafarki daga kujera."

Daga nan ta yi dariya, ana jin muryata daga gefe ina cewa na gane hanyar, sai saƙon ya yanke.

Antinki ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To Malam, ka ji. Ba ni na faɗa ba."

Shi ke nan abin da ya rage na muryarta a duniya, iya sanina. Ba shi ne ta shirya miki ba. Ba wasiyya a ciki, ba addu'a, ƙarata take kaiwa. Amma ta kira sunanki, kuma ta yi dariyar nan tata. Na koma wurin Nura ya nuna mini yadda ake kwafa, na sa ya maimaita har sai da na yi da hannuna. Yana cikin kwamfutar, shi kaɗai ne a duk faɗin sabon rumbun. Yana cikin filash a ƙaramin aljihun jakarki. Yana wayata, yana ta Antinki.

Ba zan ce ki yafe mini a takarda ba. Abin naki ne, ba ki ko ji shi ba aka raba ki da shi, kuma ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa. In kin kira, zan ɗauka, ki faɗi abin da kike so, ba zan katse ki ba. In kin ɗauki mako ko wata ba ki kira ba, zan gane, ba kuma zan aiko kowa ya yi miki faɗa ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki tura wa Antinki saƙo cewa kin sauka lafiya, ita za ta faɗa mini.

Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya kare ki daga ciwo da mugun abokin zama, Ya buɗe miki karatu, Ya ba ki malamai masu sauraro. Allah Ya jiƙan Mamanki, Ya haskaka makwancinta, Ya isar miki da alherin duk abin da ta roƙa miki a cikin ɗakin nan, don Shi Ya ji ko da mu ba mu ji ba.

Wassalam.

Mahaifinki.